Tsakon Farko Na Gida Ne

Ejigbo, 2 ga Yuni

Zuwa ga yayana, Baban Kafaya,

Assalamu alaikum. Na durƙusa har ƙasa ina gaishe ka. Yaya Abijan, yaya kasuwa, yaya Maman Kafaya da yara? Mu nan lafiya, irin lafiyar da ake faɗa don kada a yi wa Allah butulci.

Na san za ka ce ga waya, me ya kawo takarda. To a waya ba ka barin mutum ya kai aya, kafin in ce biyu ka ce goma, kati ya ƙare. Shi ya sa na ba Lasisi direba wannan ya miƙa maka hannu da hannu.

Murar tsuntsaye ta iso ƙasarmu. Gonaki sun fara zama kango ta wajen hanyar Iwo. Duk inda ta ɓulla sai ma'aikatan gwamnati su zo cikin fararen kaya, hanci a rufe, su kashe duk mai fiffike a wannan yankin, mai ciwo da mai lafiya, su tura a rami. Wanda ke binne kajinsa kuwa ba ya zuwa sayen mazubin ruwa. Kwanonin abinci da kejin da muka ƙera sun taru har sun kusa taɓa rufi. Aiki ɗaya ya rage mana, akwatin ƙyanƙyasa na Maman Sunbo ta garin nan da ake kira Masifa, matar nan da mijinta ya rasu bara. An gama shi, ƙwan kajin marigayiya Mama na ciki ana gwaji kamar kullum.

Kajin Mama su ne dalilin wasiƙar nan. Idan ciwon ya shigo unguwarmu ba za a bar ko ɗaya ba. Na yi wa Baba maganar, da ihu, don ka san kunnensa tun da guduma ta cinye shi. Sai ya ce, "Ciwon kajin gidan gona ne, masu cin abincin buhu suna kwana kan waya. Kazar da ke tonon gara da ƙafarta ina ruwanta da mura?" Na ce Baba ciwo ba ya tambayar me kaza ta ci. Ya ce, "Me kika ce? Shinkafa?" Wallahi wani lokacin ina zargin da gangan yake yi.

Ga roƙona. Ka yarda in aiko maka da 'yan ƙwai ta hannun Lasisi, in jera su cikin garin katako. Ka sa wa kowace kaza mai kwanci a can. In an kashe na nan, iri bai ɓace ba. Baba bai san na roƙe ka ba.

Ka gaida kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Ibidun

*

Ajame, Abijan, 9 ga Yuni

Ibidun,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ki ce wa Baba na kwanta rub da ciki ina gaishe shi. Ga man zafi na gwiwarsa a hannun Lasisi, da turmin atamfa naki daga Maman Kafaya.

Maganar ƙwai, a'a. Ki karanta da kyau kafin ki fara kumbura baki.

Tsakaninmu da ku iyaka huɗu ce, kuma yanzu a kowace ana buɗe kaya ana neman kaza da ƙwai. In aka kama, motar Lasisi za a tsare, da fasinja da komai, a kan abin da bai kai kuɗin man mota ba. Wannan ɗaya kenan. Na biyu, mu baƙi ne a nan. Ko na shekara ɗari a Ajame sunana Anago, yadda suke kiran kowane Bayarabe. Gidan da nake haya kowace mata na da kajinta a tsakar gida. Ranar da kaza ɗaya ta yi tari bayan ƙwanki ya iso, za a ce Anago ya kawo musu annoba, kuma ba za a tsaya a kaina ba, duk 'yan Ejigbo na unguwar sai sun ji a jikinsu.

Shawarata, ku yanka su tun suna da lafiya, ku ci, ku raba wa maƙwabta. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Kaza kaza ce, Ibidun. In ƙura ta lafa a sayo wasu a kasuwa, wa zai bambance?

Kuma wannan ya isa ya buɗe wa Baba ido. Tun yaushe na ce masa zamanin kwano da dalma ya wuce, mutane roba suke so, mai sauƙi, mara tsatsa? Ya ce ɗan da ya haifa ba zai sayar da bokitin wanka da sunan kayan kaji ba. Na ɗauki jakata na bar masa shagonsa. Ki rufe wurin nan haka, ki koma ɗakin mijinki ki huta. Hannunki duk ya zama na maƙeri.

Allah ya kiyaye ku.

Yayanki,
Sikiru Ajibade

*

Ejigbo, 17 ga Yuni

Yaya Sikiru,

Ina gaisuwa. Atamfa ta iso, a yi wa Maman Kafaya godiya. Man zafi Baba ya shinshina ya ce warin Faransa yake yi, amma na gan shi yana shafawa a ɓoye.

Kaza kaza ce, ko? Kai ne babba amma da alama ni aka bar wa tunawa, to bari in tuna maka, ka yi haƙuri da bakina.

Ranar da aka kawo Mama Asake gidan nan daga garinsu Ola, abin da ta shigo da shi a hammata jar kaza ce mai ɗigon fari a wuya, kyautar kakarta. Lokacin Baba ba kowa ba ne, mai liƙin bokiti ne a bakin kasuwa, yana yanka gwangwanin madara yana yin aci-balbal. Kazar ta yi ƙwai ta fara kwanci, sai karen maƙwabta ya kashe ta. Mama ta tattara ƙwan a zaninta tana kuka kamar an aiko mata da mutuwa daga gida. Baba ya yi mata dariya, ya ga ba ta daina ba, sai kunya ta kama shi. Ya samo akwatin sabulu ya shimfiɗa masa kwano a ciki, ya sa fitilar kananzir a ƙasa da ɗan kwanon ruwa. Ba shi da ma'aunin zafi, a fatar idonsa yake ɗora ƙwai ya ji. Rabinsu sun dahu. Har ta rasu Mama tana tsokanarsa, wai ita mai dafa ƙwai ta aura. Amma sauran sun fashe, 'yan tsaki suka fito.

Wani malamin gona ya gani ya ce a yi masa irinsa. Daga nan aka fara. Mai akwati yana son mazubin ruwa, mai mazubin ruwa yana son kwanon abinci, aka zo kan keji, har aka kafa allon nan da aka rubuta Ajibade da 'Ya'yansa Maza. Namijin yana Abijan yana sayar da kayan gyaran mota, macen ce riƙe da almakashi, amma ban ce a goge allo ba.

Dokar kuma Mama ce ta kafa ta, ba Baba ba. Akwati ba ya fita daga gidan nan sai ya ƙyanƙyashe ƙwan kajinmu a gabanmu. Tsakon da ya fara fitowa na gida ne, sauran a bi mai saye da su kyauta, ya fara da albarka. Don haka duk kazar da ke yawo a tsakar gidanmu jikar jar kazar nan ce, kuma kowace tsakon farko ce ta wani akwati ko 'yar tsakon farko. Baba yana nuna su da sunan masu saye. Waccan Alhajin Iwo ce, wancan zakaran Fasto ne, mai faɗan nan Hedimasta. A kan kabarin Mama da ke nan cikin gida suke birgima da rana, shi kuma ya zauna a gefe yana yi musu faɗa. Wannan za ka sayo mini a kasuwa?

Kuɗin makarantarka daga akwatin nan ya fito, har kuɗin motar da ka yi fushi ka hau. Kaza ci ki goge baki, ashe ba kaza kaɗai ke yi ba.

Na huce. Maman Sunbo ta zo shekaranjiya da ɗan acaɓa ta ɗauki akwatinta. Ƙyanƙyasa ta yi kyau, ɓara-gurbi kaɗan ne. Na ja Baba gefe na ce bana kada a bi ta da 'yan tsaki, lokacin bai da kyau, ana cewa kada a riƙa yawo da kaji daga gida zuwa gida. Ya dube ni kamar na zagi Mama. Ya ce, "In ba uwar marayu akwati wayam? Uwarki ta tashi ta tambaye ni in ce mata me?" Ita kuma Maman Sunbo ta durƙusa tana cewa, "Baba, ai don 'yan tsakin na zo, akwatin rakiya ya yi." Ya ce, "Ja'ira, to biya kuɗin tsaki in ba ki akwati kyauta." Aka yi dariya, ta tafi da su a kwali tana ta sa albarka. Kajinta na ƙwai su ke riƙe mata yara a makaranta, tana so ta ƙara da na gida.

Ban sake roƙonka ba. Na dai faɗa maka abin da ka ce a yanka.

Ƙanwarka,
Ibidun

*

Ejigbo, 1 ga Yuli

Yayana,

Assalamu alaikum. Ban jira amsarka ba, don abin da nake tsoro ya faru, kuma ya zo ta ƙofar da ban so ba.

Bayan tafiyar Maman Sunbo da 'yan kwanaki na tarar da Hedimasta a bayan randa, zankonsa ya yi baƙi, kai ya kumbura. Kafin azahar wata ta bi shi. Na binne su ban gaya wa Baba ba, ina ce wa kaina ƙila wani abu suka ci. Washegari sai ga Maman Sunbo a ƙofar shago, ba ɗankwali, ƙafa duk laka. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa ta gaida Baba yadda aka saba, sannan ta ce, "Baba, 'yan tsakin sun mutu. Manyan ma suna ta faɗuwa, tun jiya nake kwasa." Bai ji ba. Ya ce, "Sun fara cin tsaki ko?" Sai da na sa bakina a kunnensa na maimaita masa, a gabanta, da ƙarfi, har masu wucewa suka tsaya.

Ya tambaye ta ko akwai wata gona mai ciwo kusa da ita. Ta ce babu, duk Masifa ita ce ta farko. Ya juyo ya tambaye ni ko namu lafiya. Yaya, ban iya yi masa ƙarya ba.

Babu wanda ya tabbatar daga wurinmu ciwon ya je mata. Mijina ya ce tsuntsun sama ma na kaiwa, tayar babur ma na kaiwa. Baba bai saurari kowa ba. Ya shiga ɗaki ya sa babbar rigarsa ta Juma'a da hula, ya ɗauki sanda. Na ce ina zuwa? Ya ce, "Zan je in kira su." Na riƙe masa riga ina kuka, na ce Baba a bari mu ga ko sauran za su tsallake. Ya ce, "Sake ni, Ibidun. Gidan Alfa na da kaji, gidan Iya Eleko na da kaji. Katanga ce kawai tsakaninmu." Da ƙafarsa ya je ofishin ma'aikatan nan masu fararen kaya.

Sun zo da safe. Yara ne masu ladabi, babbansu har ya cire hula ya gaida Baba. Kajinmu ba su saba da kamu ba, suka watse, wasu kan rufi, wasu ƙarƙashin tarin kwano. Ma'aikatan suka yi ta bi suna faɗuwa a laka. Sai Baba ya ce su tsaya. Ya tsuguna ya yi kiran nan nasa da harshe, suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka kewaye shi, shi yake ɗauka yana miƙawa. Kowace sai ya faɗi sunanta. Ni dai da aka zo kan ƙaramin tsakon akwatin Maman Sunbo na shige ɗaki. An yi feshi ko'ina, an ce kada mai fiffike ya sake shiga gidan sai sun ba da izini. Ranar ba a ɗora tukunya ba, amalar da maƙwabta suka aiko haka ta kwana.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Lokacin da Baba ya tafi kiran su, na zaga na tsince ƙwan da aka yi a ranar, na waɗanda na ga suna da kuzari. Na wanke, na sa a wani akwati da ba a saya ba, can cikin ɗakin ajiya bayan tarin keji, na kunna fitila. Ba su duba wurin ba. Kullum ina shiga in juya su kamar mai neman ƙusa. In Allah ya so, sati uku ne.

Ban san me zan yi da su ba in sun fito. Tsako ba ya ɓoyuwa, Baba ne kaɗai ba zai ji kukansu ba a duk unguwar. Na san ka ce a'a, ban manta ba. Amma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ka sa mu a addu'a.

Ibidun

*

Ajame, 8 ga Yuli

Ƙanwata Ibidun,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu na baya-bayan nan suna gabana. Ta farko na yi fushi na jefa ta a aljihu. Ta biyu a shago na karanta, sai da na ja ƙofa na rufe, don kada abokan ciniki su ga ƙato da furfura yana share hanci.

Kiran nan na Baba, na gwada shi a tsakar gida jiya. Kajin matan gidan ko kallona ba su yi ba. Maman Kafaya ta ce ko na fara taɓuwa ne.

Ki saurara. Akwai wani abokina ɗan Ede da ke da gonar rogo a bayan gari, ba gida kusa, ba kaza ko ɗaya. Ya yarda in kafa akurki a can. Na yi magana da Lasisi, ya yi ta zillewa, na tuna masa wa ya tsaya masa ranar aurensa, ya ce to. Tsakon da ya fito yau yana iya kwana biyu ba ci ba sha, wannan ko ni ban manta ba. Ranar da suka fashe ki ba shi su, zai ajiye ƙarƙashin kujerarsa.

Akwatin da za ki gani tare da takardar nan ni na yi shi da hannuna. Na aro zarto da guduma wurin kafinta, na huda ramukan iska, na shimfiɗa buhu. Rabona da irin aikin nan tun ina saurayi, na daki yatsa har sau ban san adadi ba. Ki ɓoye shi kada Baba ya gani, ba don komai ba sai don zai ce ƙusoshin a karkace suke.

Har yanzu tsoron da na gaya miki yana nan, ban daina jin sa ba. Amma in iri ya ɓace alhali ina da inda zan sa shi, ban san da wane ido zan tsaya gaban kabarin Mama ba.

Ki riƙa cin abinci. Ki gaida mijinki da Baba.

Yayanki,
Sikiru

*

Ejigbo, 15 ga Yuli

Sikiru,

Ni ne ubanka. Ina amsa gaisuwarka, Allah ya yi maka albarka, kai da matarka da yaranka.

Ƙanwarka ba za ta rubuto ba, ba ta magana da ni, ba ta zuwa shago. Don haka na ɗauki biro da kaina.

Na san da ƙwan tun kafin akwatinka ya iso. Kunne ne ya mutu, hanci na nan, kuma na san warin lagwanin da ke ci a gidana. Na ɗaga su a hasken taga ɗaya bayan ɗaya. Akwai rai a ciki, suna motsi. Na mayar na rufe, na ce ban gani ba.

Ranar Laraba na je Masifa. Na tarar da Maman Sunbo tana share ɗakin kaji, ba ko gashi ɗaya a ciki. Yaranta suna gida, ba su je makaranta ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce kada in sa a raina, ƙaddara ce. Da zan tafi ta ɗaura mini doya a bayan babur. Na so ta zage ni, ba ta yi ba.

Da na dawo na shiga ɗakin ajiya na hure fitilar. Ni na yi, da bakina, ba wanda ya sa ni. Ƙila lafiyarsu ƙalau. Waɗancan ma da na ba ta lafiyarsu ƙalau a idona. Ba zan sake aika wa kowa abin da ban sani ba, balle ƙasar mutane, balle ta hannun ɗana. Na zauna wurin har akwatin ya huce, sannan na binne su kusa da uwarku, na gaya mata abin da na yi.

Akwatinka ya yi kyau. Ƙusoshin a karkace suke, amma zai riƙe. Na ajiye shi.

Ka zo ka rarrashi ƙanwarka, ni ban iya ba. Kuma ka zo ka gan ni. Yau da safe na sake fita tsakar gida da masara a hannu, na daɗe a tsaye kafin in tuna.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ubanka,
Lamidi Ajibade